Abin da Sikanin Ya Nuna a Mako na 32

Cikina na uku ne, kuma har na shiga wata na takwas ban ga abin da ya bambanta shi da na yayyensa ba, in ban da nauyin jiki da kumburin ƙafa waɗanda kowace mai ciki ta sani. Ina zuwa awo a kan kari, na yi sikanin a mako na 20 aka auna kai da ciki da ƙashin cinya, aka duba zuciya, aka ce komai lafiya lau, na naɗe takardar na saka a jaka. Abin da ya sa aka sake tura ni a mako na 32 ƙaramin abu ne, domin ma'aikaciyar jinyar da ke yi mini awo ta lalubi cikin ta ce tana shakkar kwanciyar yaron, tana so a tabbatar ko kansa ya juyo ƙasa. Da wannan tambaya kaɗai na shiga wani ɗakin hoto mai zaman kansa da ke kusa da unguwarmu a Kano, ni kaɗai, da nufin in biya kasuwa idan na fito.

Mai ɗaukar hoton ya gano kwanciyar cikin minti biyu, amma bai ɗage hannunsa ba. Ya daɗe yana goga kan na'urar a gefe guda na marata, yana matsawa yana sassautawa, ya juya allon zuwa wajensa, sannan ya ce, "Hajiya, akwai ruwa a kan yaron nan." Ya faɗi haka ne yana miƙo mini takardar goge man da ya shafa, kuma kafin in gama gyara zanina har ya kira mai bi na a layi. A takardar da ya ba ni ya rubuta cewa ya ga jakar ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, a je a ga likita. Ba na zargin sa da rashin gani, domin da bai tsaya ya duba kan ba da labarin ya bambanta ƙwarai, sai dai har yau ina ganin maganar da za ta hana mace barci na mako guda ta cancanci a zaunar da ita kafin a faɗa mata. Na'urarsa kuma baƙi da fari kawai take nunawa, kuma daga baya na fahimci cewa a irin wannan hoto ruwa tsayayye da jini mai gudu duk baƙi suke fitowa.

Kwana shida muka yi kafin mu samu ganin babban likitan mata masu ciki a asibitin koyarwa, kuma a cikin kwanakin nan kowa a gida ya ba da tasa fassarar. Wata ta ce yawan fita da magariba ne, wata ta ce ruwan sanyi, surukata kuwa ba ta ce komai ba, sai dai ta kawo rubutu ta ajiye, na kuma sha. Ni abin da ke cikin kaina shi ne yaran nan masu babban kai da nake gani a bakin asibiti, domin abin da na ɗauka "ruwa a kai" ke nufi ke nan.

Likitan da ya sake yin hoton bai yi sauri ba. Ya sa maigidana ya zauna inda zai ga allon, ya fara daga farko kamar ba a taɓa auna komai ba, har ya iso wurin. Na ga baƙin abu mai ɗan tsawo a tsakiyar kan, can baya, kamar an ajiye dabino. Sai ya danna wani maɓalli, ya ɗora ɗan akwati a kan baƙin wurin, nan take wurin ya cika da ja da shuɗi suna cakuɗuwa suna walƙiya da kowane bugun zuciya. Ya ƙara danna wani, ɗakin ya cika da ƙara kamar ta iska a bututu. Ya ce, "Malam, Hajiya, wannan ba ruwa ba ne. Jini ne yake gudu a cikin jijiyar da ta buɗe fiye da ƙima." Wannan sashe na na'urar shi ake kira Dofla, da sunan wani masani ɗan Ostiriya wanda a 1842 ya bayyana dalilin da ya sa sauti ko haske ke sauyawa idan abin da ke fitar da shi yana matsowa ko yana nisa, kamar yadda odar mota ke sauya murya idan ta wuce mutum. Na'urar tana aika sauti, ya bugi ƙwayoyin jini ya dawo, ta kuma fassara sauyin zuwa launi. Ja yana nufin jinin da ke nufo kan na'urar, shuɗi wanda ke yin nisa da ita, haɗuwarsu a wuri guda kuma alama ce ta jini mai gudu da ƙarfi yana juyawa kamar ruwa a gurbi.

Sunan larurar, in ji shi, tawayar jijiyar Galen, kuma ba kasafai ake ganin ta ba, har likita kan yi shekaru yana aiki bai haɗu da ita ba. Da ya ga ba mu gane ba sai ya ɗauki biro ya zana mana lambu a bayan katina. Ya ce a ɗauka zuciya injin ban ruwa ce, manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga gare ta su ne babbar hanyar ruwa, daga nan ruwa ya rarrabu a ƙananan kwatoci ya shiga fangali ɗaya bayan ɗaya a hankali, abin da ya rage ya koma rafi. A jikin mutum waɗannan ƙananan kwatoci jijiyoyi ne da suka fi gashi siranta, su ne ke rage wa jini ƙarfi kafin ya shiga jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya. A kan ɗana kuwa wasu jijiyoyi masu kawo jini sun zarce kai tsaye cikin jijiya mai mayarwa, babu ƙananan a tsakani, kamar babbar hanyar ruwa ta ɓalle ta koma rafi. Sakamakon abu biyu ne: fangalin, wato ƙwaƙwalwa, zai iya rasa rabonsa, injin kuma dole ya yi ta aiki ba hutu domin ruwan da ya tura yana dawo masa nan take. Shi ya sa, in ji likitan, ciwon yana kai amma abin da ya fi ba su tsoro a farkon rayuwa zuciya ce.

Na tambaye shi abin da na yi, domin tambayar da ta hana ni barci ke nan. Ya ce abin yana faruwa ne tsakanin mako na 6 da na 11, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. A wannan lokaci akwai wata jijiya ta wucin gadi a tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan tayi wadda ya kamata ta shuɗe idan na dindindin suka kafu, amma idan jini mai ƙarfi ya samu hanyar shiga cikinta sai ta ƙi rufewa ta ci gaba da faɗi. Ya ce ba abinci ba ne, ba aiki ba ne, ba fita ba ce. Ya tambaya ko a danginmu akwai masu jajayen tabo a fata tun haihuwa, domin a wasu iyalai larurar tana da alaƙa da ƙwayoyin gado, muka ce ba mu san da kowa ba. Game da sikanin na mako na 20 kuma ya ce kada in ga laifin wanda ya yi, saboda a mafi yawan lokuta jijiyar ba ta yin girman da za a gan ta sai a watanni ukun ƙarshe.

Da na faɗa wa mahaifina sunan, sai ya ce in maimaita. Shi almajirin littattafai ne, kuma ya ce, "Uwata, ai wannan Jalinusu ne." Ashe Galen ɗin da aka sa wa jijiyar sunansa, likitan nan Bagirke da aka haifa a shekara ta 129 a birnin Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, shi ne Jalinus ɗin da malaman ɗibbu ke ambato, wanda Hunainu bin Ishaƙ ya fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Wannan bai rage komai daga ciwon ba, amma ban san dalili ba, jin sunan a bakin Baba ya sa abin ya daina zama mini baƙo kamar da.

Daga wannan rana awona ya koma na kowane mako, kuma na koyi kallon allon kamar mai karatu. Likitar zuciyar yara ta yi wa ɗan tayin hoton zuciya na musamman wanda ya ɗauki kusan awa guda, ta nuna mini cewa a ƙa'ida zuciya tana cin kimanin kashi ɗaya bisa uku na filin cikin ƙirji, ta ɗana kuma ta ɗan haura haka, ɓangaren dama ya fi buɗewa, jijiyoyin wuyansa ma sun yi kauri saboda yawan jinin da ke saukowa. Abin da suke nema kowane mako shi ne taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, ko a ƙirji, ko a ciki, ko kewaye da zuciya, domin idan ya bayyana a wurare biyu alama ce cewa zuciyar ta fara gazawa tun a ciki. Suna kuma auna ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, waɗanda bai kamata faɗinsu ya wuce milimita 10 ba. Na ɗana sun tsaya a 9, kuma babu lambar da na taɓa ƙauna a rayuwata kamar wannan taran.

A mako na 34 aka tura ni hoton maganaɗisu, wanda likitoci ke kira MRI. Sikanin ya fi shi nuna gudun jini, shi kuma ya fi nuna naman ƙwaƙwalwar kanta, ko rashin jini ya riga ya yi mata illa. Aka kwantar da ni a gefen hagu cikin wani rami mai ƙara kamar injin niƙa, ba a yi mini allurar launi ba saboda ciki, yaron kuma ya yi ta motsi har sai da aka maimaita wasu hotuna. Sakamakon ya nuna ƙwaƙwalwar ba ta lalace ba. Likitan ya gaya mana gaskiya cewa da ya ga lalacewa mai yawa tare da gazawar zuciya, da maganar da za mu yi daban ce, domin irin waɗannan jarirai da wuya su rayu ko da an yi musu aiki.

A wannan zama ne ya faɗi abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ya ce muddin yaron yana ciki, mabiyiya tana kare shi, domin ita ma wuri ce da jini ke shiga cikin sauƙi, saboda haka tana raba jinin da waccan ɓarakar da ke kai, nauyin bai taru a wuri guda ba. Da zarar an haihu an yanke cibiya, wannan hanya ta rufe, jini mai yawa ya karkata zuwa kai ya dawo wa zuciya da ƙarfi, a daidai lokacin da huhu ke koyon aikinsa. Wato haɗarin yana farawa ne daga lokacin da a gidajenmu ake rangaɗa guɗa. Yayyensa biyu a gida na haife su a hannun ungozoma, kuma da niyyar haka nake a wannan karon ma. Da na yi hakan, da an ga jariri lafiyayye a rana ta farko, a rana ta biyu ko ta uku ya fara haki ya ƙi kama nono, a ce sanyi ne ya kama shi, kuma babu wanda zai yi tunanin duba kansa.

Maigidana ya shiga intanet, kamar yadda kowa ke yi, ya dawo da labarin cewa a Amurka an taɓa yin aikin tun yaro yana ciki. Likitan ya tabbatar da haka: a watan Maris na 2023 likitocin asibitin yara na Boston da na asibitin Brigham, ƙarƙashin jagorancin Dakta Darren Orbach, sun soka allura ta cikin uwa da mahaifa har bayan kan ɗan tayi mai mako 34, sikanin yana nuna musu hanya, suka cusa murɗaɗɗun ƙananan wayoyi 23 domin rage gudun jinin, aka kuma wallafa sakamakon a mujallar Stroke a watan Mayu na shekarar. Amma ya ce wannan gwaji ne da ake yi wa zaɓaɓɓun 'yan tayi waɗanda awon MRI ya nuna suna cikin mafi girman haɗari, kuma abin da ke gabanmu shi ne mu shirya inda za a haihu da waɗanda za su tsaya a wurin.

Aka tsayar da ranar tiyata a mako na 38. Likitan ya ce larurar ita kanta ba ta hana haihuwa da kai, sai dai yana son yaron ya fito da safe a ranar aiki, lokacin da likitan jarirai da likitar zuciya suke tsaye, an kuma tanadi gado a ɗakin kula da jarirai, maimakon naƙuda ta zo da ƙarfe biyun dare. Shawo kan surukata shi ya fi wuya, domin a ganinta mace mai haihuwa biyu lafiya ba ta da abin yi a ɗakin tiyata. Maigidana ya kai ta wurin likitan, ya sake zana mata lambun nan, ta dube shi ta ce, "To, ɗana, Allah ya ba da sa'a," kuma daga ranar ita ce ke tuna mini ranakun awo.

Ya fito yana kuka, nauyinsa kilo 3 da ɗan ɗoriya. An nuna mini fuskarsa na ɗan lokaci aka wuce da shi, mahaifinsa kuma ya yi masa kiran salla a kunne ta ƙofar kwalbar da aka saka shi. A ranar aka ɗora na'urar sikanin a maɗigarsa, inda ƙashin kai bai haɗe ba, aka ga abin da aka gani tun yana ciki, aka kuma saka siririyar roba a jijiyar cibiyarsa. A rana ta biyu numfashinsa ya ƙaru, hantarsa ta ɗan kumbura, aka fara ba shi maganin da ke sa fitsari domin rage wa zuciya nauyi, aka taƙaita ruwan da yake samu, ana ba shi nonon da na tatsa ta robar hanci. Likitocin suna auna shi da wani ma'auni da aka tsara a asibitin Bisetir da ke Faransa, inda Farfesa Pierre Lasjaunias ya yi aiki, wanda ke ba da maki ga zuciya da ƙwaƙwalwa da numfashi da hanta da ƙoda, jimilla 21. Ƙasa da 8 yana nufin illar ta yi yawa har aiki ba zai amfana ba, daga 8 zuwa 12 ana buƙatar aikin gaggawa, sama da 12 kuma ana iya riƙe yaro da magani har ya kai kimanin wata biyar, lokacin da jijiyoyinsa suka yi ƙwari. Ɗana ya samu 15. Na san da ya faɗo cikin rukunin tsakiya da mun shiga tsaka mai wuya, domin asibitin ba shi da mai yin aikin, kuma jariri mai haki ba ya hawa jirgi. An yanka ragon suna a gida ranar bakwai alhali ni da shi muna asibiti, sai a rana ta 19 aka sallame mu.

Watanni biyar ɗin da suka biyo baya na yi su ne da tef ɗin tela a hannu. Kowace Juma'a ina auna kewayen kansa in rubuta a littafi, domin girman kai da sauri alama ce ta taruwar ruwa, ina kuma lura da gumi a goshinsa idan yana shan nono da jijiyoyin da suka fito raɗau a fatar kansa. A gefe guda maigidana yana fama da fasfo da biza da aika hotuna zuwa wani asibiti a Indiya, muka sayar da fulotin da muka yi shekara shida muna tanadi a kansa, 'yan'uwa suka cika sauran. Hotunan da aka ɗauka tun yana ciki sun yi amfani a nan ma, domin likitocin can sun kwatanta su da sababbi sun ga yadda jijiyar ke sauyawa, suka ba mu rana tun kafin mu taso.

Aikin ba a buɗe kai ake yin sa ba. An sa shi barci, aka shigar da siririn bututu ta jijiyar matsematsinsa, aka bi da shi ta cikin jiki har zuwa jijiyoyin da ke zuba jini a ɓarakar, aka toshe su da wani irin gam na asibiti. Ba a toshe duka a zama ɗaya, domin sauya hanyar jini gaba ɗaya a lokaci guda na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, saboda haka aka yi na farko yana da wata biyar, na biyu bayan mako takwas, muka zauna a ɗakin haya kusa da asibitin a tsakani. Bayan na farko kaɗai likitar zuciya ta rage masa magani, bayan na biyu ta dakatar da shi. Da aka ɗora na'urar a maɗigarsa kafin mu taho, na nemi a kunna mini launin, na ga ja da shuɗin sun ragu zuwa ɗan siririn zare a gefe guda.

Yanzu yana da wata 14. Yana rarrafe, yana miƙewa idan ya dafa kujera, yana kiran yayarsa da wani suna da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Hannunsa na hagu bai kai na dama kuzari ba, muna kai shi gashi sau biyu a mako, kuma likitan ƙwaƙwalwar yara ya ce sai ya kai shekarun makaranta za a iya sanin ko akwai abin da ya taɓa fahimtarsa. Wancan siririn zaren da ya rage shi za a duba da MRI bayan Babbar Salla, daga nan ne likitocin za su yanke ko akwai buƙatar zama na uku. Na riga na haɗa fayil ɗin, tun daga takardar farko mai cewa jakar ruwa ce har zuwa littafin awon kai, wanda a Juma'ar da ta wuce na rubuta santimita 47 a cikinsa.